Lev Yashin: Golan da Aka Yi wa Ature a Garinsu Kafin Duniya Ta Ba Shi Ƙwallon Zinariya

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo bayan an tashi daga kasuwa ya san irin adalcin da ake yi wa mai tsaron gida. Ɗan gaba zai ɓarar da ƙwallo biyar ya ci ɗaya, a ɗauke shi a kafaɗa. Gola kuwa sai ya tare goma, ɗaya ta kuɓuce masa, to ita za a yi ta zance har wata kasuwar ta zagayo. A yau mun ɗauko muku tarihin wani mutum da ya sha wannan hali har ya ƙoshi, alhali masana da yawa shi suke ɗauka a matsayin gwanin gwanayen masu tsaron gida, wato Lev Ivanovich Yashin na tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Tun daga 1956 da mujallar France Football ta fara ba da kyautar Ballon d'Or har zuwa ta 2025, shi kaɗai ne golan da ya taɓa karɓar ta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, shekara guda kafin a ba shi ita, mutanen garinsu sun kusa korar sa daga ƙwallo baki ɗaya.

An haifi Yashin a birnin Mosko ranar 22 ga watan Oktoba na 1929, a gidan ma'aikatan masana'anta, kuma mahaifiyarsa ta rasu tun yana ƙarami. Da sojojin Hitler suka auka wa Tarayyar Sobiyet a 1941, sai gwamnati ta shiga kwance injinan manyan masana'antu tana loda su a jiragen ƙasa zuwa gabas, inda bama-bamai ba za su iske su ba, tare da ma'aikatan da iyalansu. Haka aka kwashe masana'antar da mahaifinsa yake aiki zuwa kusa da garin Ulyanovsk, a bakin kogin Volga, yaron yana ɗan kimanin shekara 12. A 1943 shi ma ya shiga aiki a matsayin ɗan koyo a sashen ƙarfe, domin maza sun tafi fagen daga, mata da yara ne suka riƙe injina. A nan ne ya koyi shan taba sigari don kada barci ya kwashe shi a gaban inji. Ku riƙe wannan magana ta taba, za mu dawo kanta.

Sun komo Mosko a 1944, ya ci gaba da aiki a masana'antar da ke unguwar Tushino, yana kuma tsare wa ƙungiyar masana'antar gida. Yana da shekara 18 wahalar shekarun yaƙi ta taso masa, jiki da zuciya suka gaza, ya daina zuwa aiki. A wancan zamani ƙin zuwa aiki laifi ne da ke iya kai mutum gaban alƙali a ƙasar, don haka ya bi shawarar da aka ba shi ya shiga soja. Yana wasa a ƙungiyar rundunarsu ne wani mai horarwa, Arkady Chernyshev, ya hango shi, ya kai shi Dynamo ta Mosko a 1949. Bai sake sa rigar wata ƙungiya ba har ya yi ritaya.

A nan ya kamata mu yi ɗan bayani. A takarda, babu ɗan wasan da ke cin abinci da ƙwallo a Tarayyar Sobiyet. Kowace ƙungiya tana ƙarƙashin wata hukuma ce, Dynamo ta ma'aikatar cikin gida da jami'an tsaro, CSKA ta soja, Lokomotiv ta ma'aikatan jirgin ƙasa, kuma ana rubuta ƴan wasan a matsayin ma'aikatan wurin. Amma a zahiri ba su da wani aiki sai ƙwallo. Cinikin ɗan wasa zuwa ƙasar waje kuwa, irin wanda muke ji yau ana ambaton miliyoyi, babu shi sam a zamanin Yashin. Ko da Real Madrid ta zo da kuɗi cike da buhu, ba ta da wanda za ta taya a wurinsa.

Farkon Yashin a Dynamo abin dariya ne ga ƴan kallo, abin kuka gare shi. A wani wasan sada zumunta da Traktor ta Stalingrad, golan ɗaya ɓangaren ya buga ƙwallo mai nisa, Yashin ya fito zai kama, ya yi karo da ɗan bayansa, ƙwallo ta wuce su ta faɗa raga. Gola ya ci gola. A 1950 aka sako shi a wasan hamayya da Spartak bayan babban golan ya ji ciwo, ya sake yin irin wannan karo, Spartak ta rama. Wasa biyu kacal ya yi a gasar ƙasa a wannan shekara, daga nan aka mayar da shi benci har 1953. Babban golan da ya tare masa hanya shi ne Alexei Khomich, wanda Turawan Ingila suka laƙaba wa suna Damisa lokacin da Dynamo ta yi rangadi a ƙasarsu a 1945. Khomich bai yi masa rowar sani ba, ya riƙe shi kamar yadda ubangida na kirki ke riƙe yaron shago, yana fita da shi atisaye bayan kowa ya watse. A cikin waɗannan shekaru na jira Yashin ya riƙa tsare gida a wasan hoki na kan ƙanƙara, har ya ci kofin ƙasa da Dynamo a 1953. Saura ƙiris ya zauna can. Sai a wannan shekara ƙofa ta buɗe masa a ƙwallon ƙafa, ya shiga, bai sake fita ba.

Me ya bambanta shi da sauran? Kafin zamaninsa, yawancin masu tsaron gida kan tsaya ne a kan layi tsakanin turaku biyu suna jiran abin da zai zo. Yashin ya ɗauki dukkan yadi na 18 a matsayin gidansa. Yakan fito ya tari ƙwallon da aka kwaso daga gefe tun tana sama, idan wurin ya cunkushe ya naushe ta da hannu maimakon ya yi kasadar kamawa, idan kuma an zura ta bayan ƴan bayansa ya ruga har wajen yadin ya share ta da ƙafa ko da ka. Da zarar ya kama, ba ya tsayawa yanga, sai ya jefa wa ɗan'uwansa da hannu a fara kai hari tun abokan hamayya ba su koma ba. Sannan ga baki. Tun daga busa usur har a tashi yana yi wa ƴan bayansa tsawa, yana nuna wa kowa inda zai tsaya, domin shi ne yake ganin fili gaba ɗaya. Idan kun lura, fitowar nan da ta jawo masa dariya a farkonsa ita ce dai ta zama sana'arsa, bai bar ta ba, gyara ta ya yi. Dogo ne, mai dogayen hannuwa, yana sa kaya masu duhu daga sama har ƙasa da wata tsohuwar hular hana-sallah, shi ya sa ƴan jaridar ƙasashen waje suka sa masa suna Baƙin Gizo-gizo.

Daga nan sai kofuna suka fara shigowa. Dynamo ta ci gasar ƙasa a 1954 da 1955 da 1957 da 1959. Ya fara tsare wa ƙasarsa gida a 1954. A watan Disamba na 1956 suka ci zinariyar wasannin Olamfik a Melbourne ta ƙasar Ostireliya, bayan sun doke Yugoslabiya da ci 1 da nema, suka komo gida ta jirgin ruwa zuwa Vladivostok, sannan jirgin ƙasa ya ratsa da su Siberiya. A gasar cin kofin duniya ta 1958 a Suwidin ne duniya ta fara ganin sa sosai. Ya tare fanareti a wasansu da Ostiriya, sannan ya gamu da Birazil a ranar da ta fara sako Garrincha da wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Pelé. Cikin minti uku na farko Birazil ta daki turke sau biyu ta kuma ci ɗaya. An tashi 2 da nema, kuma waɗanda suka kalli wasan sun yarda cewa ba don Yashin ba da abin ya fi haka muni. A 1960 aka ƙirƙiro gasar cin kofin ƙasashen Turai, Tarayyar Sobiyet ta ɗauki na farko a birnin Faris ranar 10 ga watan Yuli, inda ta doke Yugoslabiya 2 da 1 bayan ƙarin lokaci.

To, sai 1962, gasar cin kofin duniya a ƙasar Cile.

Duk wasannin Sobiyet a garin Arica aka yi su, can arewacin ƙasar, a bakin hamada. Sun fara da doke Yugoslabiya 2 da nema. A wasa na biyu da Kolambiya sun ci uku cikin minti 11 na farko, bayan hutun rabin lokaci abin ya kai 4 da 1, kowa ya ɗauka an gama. Sai wani ɗan Kolambiya, Marcos Coll, ya bugo kwana, ƙwallo ta taho ƙasa-ƙasa ta wajen turken kusa, ɗan bayan da ke tsaye a wurin ya bar wa gola, gola ya bar wa ɗan baya, ta shige kai tsaye. Wannan ce ƙwallo ta farko da aka taɓa ci daga bugun kwana ba tare da wani ya taɓa ta ba a tarihin gasar. Daga nan ƙungiyar ta rikice, Kolambiya ta ƙara biyu, aka tashi kunnen doki 4 da 4. Duk da haka sun doke Yurugwai sun fito daga rukuni a kan gaba. Ranar 10 ga watan Yuni suka haɗu da masu masaukin baƙi a wasan kusa da na kusa da na ƙarshe. Leonel Sánchez ya buga bugun tazara daga gefe, inda kowa ya zaci zai kwaso wa ƴan'uwansa ne, sai ya harba ta turken kusa. Igor Chislenko ya rama, amma ba a jima ba Eladio Rojas ya narko wata daga nesa ta shige. Aka tashi 2 da 1, Sobiyet ta tattara kayanta.

Ba mu ce Yashin ba shi da laifi ba. Ta Coll da ta Sánchez duk ta turken kusa suka bi, kuma wannan gefe hakkin gola ne. Sai dai mutumin ya bugu a ka a cikin gasar, a zamanin da doka ba ta yarda a canja ɗan wasa ba ko da ya ji ciwo, domin sai a 1970 aka fara canji a gasar cin kofin duniya. Kuma ƙwallo mutum goma sha ɗaya ke yin ta. Amma babu wanda ya tsaya yin wannan lissafi a Mosko, saboda mutanen can ba su ga wasan ba. Ba a nuna shi kai tsaye a talabijin ba, abin da ya iso musu ɗan gajeren rahoto ne daga nesa, wanda ya tattara laifin duka ya ɗora a kan gola. Ku da kuke kasuwa kun fi mu sanin yadda magana ɗaya daga baki ɗaya ke zagaye rumfuna kafin azahar, ta ɓata sunan da mutum ya yi shekara goma yana ginawa, kuma kowa ya rantse kamar a gabansa aka yi. Haka ta faru da shi. Da ya komo, duk filin da ya shiga sai ihu da fito, a garinsu, a gaban mutanen da ya kawo wa kofi shekara biyu da suka wuce. Matarsa ta sha ba da labarin yadda aka farfasa musu gilashin taga, aka yi rubutun zagi a jikin motarsa, ana aiko da wasiƙun cin mutunci. Jaridar L'Équipe ta Faransa ma ta yanke hukuncin cewa zamaninsa ya wuce. Yana da shekara 32, ya yi niyyar ajiye safar hannu.

Wanda ya cece shi shi ne mai horar da Dynamo na lokacin, Alexander Ponomaryov. Bai yi masa dogon wa'azi ba, hutu ya ba shi, ya bar shi ya fita daga idon jama'a. Yashin mutum ne mai son kamun kifi, sai ya koma bakin ruwa da ƙugiyarsa har ƙura ta ɗan lafa, sannan ya dawo atisaye a hankali. A ganinmu wannan mai horarwa ya cancanci a riƙa ambaton sa duk lokacin da aka ambaci kyautar da ta biyo baya, domin da ya bi bakin ƴan kallo da labarin ya ƙare a nan.

A kakar 1963 Yashin ya tsare gida a wasanni 27 na gasar ƙasa. A 22 daga cikinsu babu wanda ya ga ragarsa, kuma duk ƙwallayen da suka shige shi ba su kai goma ba. Dynamo ta ɗauki kofi, na biyar kuma na ƙarshe a zamaninsa. A wannan shekara hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta cika shekara 100, aka shirya wasa a filin Wembley tsakanin Ingila da zaɓaɓɓun ƴan wasan sauran duniya, irin su Di Stéfano da Puskás da Eusébio da Kopa. Wanda aka ba jagorancin wannan tawaga shi ne Fernando Riera, wato mai horar da ƙasar Cile da ta fitar da Sobiyet a Arica. Mutumin da ya ga kuskuren Yashin da idonsa, daga bakin fili, shi ne ya tsayar da shi a raga, yayin da waɗanda suka ji a bakin wani suke jifan tagarsa. Gani ya kori ji. An yi wasan ranar 23 ga watan Oktoba, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 34. Rabin farko ya tsare, Jimmy Greaves da ƴan'uwansa suka yi ta harbi ta kowace kusurwa, ko ɗaya ba ta shiga ba. Sai bayan da aka canja shi Ingila ta ci biyun da ta yi nasara da su. Wata mai zuwa, a birnin Rum, ya tare fanaretin Sandro Mazzola a wasan da Sobiyet ta fitar da Italiya daga gasar Turai. A ƙarshen shekara aka ba shi Ballon d'Or, Gianni Rivera na Italiya ya zo na biyu, Greaves na uku.

Tun daga nan masu tsaron gida ke zuwa bakin ƙofa suna komawa. Dino Zoff ya zo na biyu a 1973, Gianluigi Buffon na biyu a 2006, Oliver Kahn na uku sau biyu, Manuel Neuer na uku a 2014. A 1994 hukumar FIFA ta sa sunan Yashin a kyautar golan da ya fi fice a gasar cin kofin duniya, wadda daga baya aka mayar da sunanta safar hannu ta zinariya. A 2019 ita ma France Football ta ware wa masu tsaron gida tasu kyautar da sunansa, Alisson na Birazil ya fara karɓa, kuma Édouard Mendy na Senegal ya zo na biyu a 2021. Karramawa ce, ba mu musa ba, amma mu dai muna ganin kamar an gina musu ɗaki ne a waje don kada su riƙa leƙen babban falo.

Ya ci gaba da wasa shekara bakwai bayan haka. A 1964 Sifen ta doke su 2 da 1 a wasan ƙarshe na gasar Turai a Madrid, a gaban Janar Franco, abin da ya fusata shugabannin Mosko har mai horarwa Konstantin Beskov ya rasa aikinsa. A 1966 a Ingila, gasar da ƙasashen Afirka suka ƙaurace wa saboda an hana nahiyar gurbi nata na kanta, Sobiyet ta kai wasan kusa da na ƙarshe, Jamus ta Yamma ta cire ta, sannan Fotugal ta doke ta a wasan neman na uku, inda Eusébio, haifaffen Mozambik, ya ci shi da fanareti. Wannan matsayi na huɗu shi ne mafi girma da ƙasar ta taɓa kaiwa. An ba shi lambar Lenin a 1967. An tafi da shi Meziko a 1970 amma bai buga ba. Ranar 27 ga watan Mayu na 1971 aka yi masa wasan bankwana a babban filin Luzhniki, mutum wajen 100,000 suka hallara, Bobby Charlton da Gerd Müller na cikin baƙin da suka zo. Ana cikin wasa ya fita ya bar wa matashin gola Vladimir Pilguy raga. Ya bar fili da wasanni 326 a gasar ƙasa da fiye da 70 a rigar ƙasarsa.

Bayan ritaya ya zama jami'i a Dynamo, kuma ko a ofis ɗaukar laifi bai rabu da shi ba. A 1974 wani matashin ɗan wasan ƙungiyar, Anatoly Kozhemyakin, ya mutu a hatsarin na'urar hawa bene, manya suka ce an yi sakaci da tarbiyyar ƴan wasa, daga bisani aka ɗauke Yashin daga shugabancin tawagar aka mayar da shi wani ofis.

Yanzu mu komo kan taba. Tun daga masana'antar Ulyanovsk bai rabu da ita ba, ko a lokacin da yake ganiyar wasa, kuma masu horarwa sun kau da kai saboda shi ne. Ya daɗe yana fama da gyambon ciki. Da ya daina motsa jiki sai jijiyoyin jinin ƙafarsa suka fara toshewa, har a shekarun 1980 likitoci suka yanke masa ƙafa ɗaya. Sun hana shi taba, bai bari ba. Daga baya aka gano yana da ciwon daji a ciki. A watan Maris na 1990 gwamnati ta ba shi lambar Gwarzon Aiki, mafi girman lambar da ake ba farar hula a ƙasar, amma jiki ya riga ya yi nisa, sai har gida aka kai masa ita. Bayan ƴan kwanaki, ranar 20 ga watan, ya mutu yana da shekara 60. An binne shi a maƙabartar Vagankovo da ke Mosko, kuma a watan Disamba na 1991 ƙasar da ya tsare wa gida ta wargaje.